Ruwan famfo daga daji yake tasowa: yadda birni da ƙauye za su tsare tushen ruwan sha tare

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin matatar ruwa cikin watan Agusta ya san kalar ruwan da ke shigowa: ja ne, mai kauri kamar kunun kanwa. Ma'aikata su ninka alif, su ƙara kulorin, su yi ta wanke tankunan tacewa dare da rana, yashi kuma yana cin injuna. Can cikin gari famfo ya ɗauke ko ya zo da laka, jama'a su ɗora wa hukumar ruwa laifi. Alhali lakar nan ba a matata ta samo asali ba. Ƙasar gonar wani ce, da gaɓar rafin da aka sare wa itatuwa, da kwazazzabon da ya buɗe baki a wani ƙauyen da yawancin masu shan ruwan ba su taɓa jin sunansa ba.

A duba Kano. Ruwan da ake tacewa a Tamburawa na Kogin Kano ne, wanda ake sakowa daga dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Baƙo. Kafin kogin ya faɗa Tiga sai ya ratsa Dajin Falgore, wanda ya shafi ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Duk ƙasar da ta zaizaye a can sama, cikin dam ɗin take kwanciya, tana cinye gurbin ruwa shekara bayan shekara. Ke nan mai gawayi a Falgore da mai shayi a Fagge igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Birnin da ya fi shahara wajen gane wannan shi ne New York a Amurka. Mutane kusan miliyan 9 ke shan ruwansa, kusan lita biliyan 4 a kullum, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan daga dazuzzukan Catskill da Delaware yake gangarowa, wasu wuraren nisansu ya kai kilomita 200. A 1989 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ta ce duk garin da ke shan ruwan kogi ko na tafki sai ya tace shi, sai fa in ya nuna yana tsare tushen ruwan yadda ya kamata. An ƙiyasta gina matatar zai ci dala biliyan 6 zuwa 8, ban da kuɗin tafiyar da ita. Birnin ya zaɓi ya kashe kimanin dala biliyan 1.5 a can inda ruwan yake fitowa. Matakan da ke tafe a nan, da yawansu daga abin da ya faru a can na tsamo su, na gwada su da yanayin ƙasarmu.

Mataki na farko: a bi ruwan da ƙafa

Kafin taro, kafin kwamiti, a fara sanin iyakar wurin da ake magana a kai. Yankin tushen ruwa shi ne duk ƙasar da in ruwan sama ya sauka a kanta zai gangara ya ƙare a dam ko kogin da gari ke ɗiba. Iyakarsa doron tudu ne, ba iyakar ƙaramar hukuma ba, ba ta hakimi ba, wani lokacin ma ba ta jiha ba. Hoton tauraron ɗan Adam na Google Earth zai nuna fasalinsa kyauta, amma hoto ba ya nuna inda ake wanke tankin feshi.

Saboda haka a fita sau biyu: sau ɗaya da rani, lokacin da gaɓar kogi take a fili, sau ɗaya kuma washegarin ruwan sama mai ƙarfi. A tafi da injiniyan hukumar ruwa, da malamin daji, da malamin gona, sannan, wanda ya fi su duka amfani a wannan tafiya, mafarauci ko makiyayin da ya tashi a wurin. A kowace mahaɗar rafuffuka a tsaya a duba wanne ne ya zo da ja, wanne ya zo garai. A bi mai jan har a kai ga inda ya ɗauko lakar. A rubuta kwazazzabai, da gonakin da suka kai har bakin ruwa, da ramukan gawayi, da wuraren da tifofi ke ɗibar yashi, da mashayar dabbobi, da inda ake haƙar ma'adinai, da ƙauyukan da ba su da masai.

Abin da aka saba tararwa shi ne ɓarnar ba ta bazu daidai wa daida ba. Rafi biyu ko uku ne kan ɗauko mafi yawan lakar. Nan za a zuba kuɗi da ƙarfi, maimakon a yayyafa tsirrai ko'ina don a ce an yi dashe.

Mataki na biyu: a san masu dajin

A takarda gandun daji na gwamnati ne. A zahiri yana da masu shi da yawa: manomin da ya gaji gona a gefensa, Ardo da ke da burtali ta ciki, matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa, masu itace da gawayi, masunta, masu zuma, masu sassaƙa turmi, 'yan lambu. A lissafa su rukuni rukuni, a rubuta abin da kowa ke samu daga dajin da kuma watan da yake samunsa. A tantance haƙƙin ƙasa tun yanzu. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma ke ba da iznin mallaka na gargajiya a karkara; a Nijar kuwa tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye. In akwai gonar da ake rigima a kanta, a warware kafin a dasa ko da itace ɗaya, domin a wurinmu dasa itace a fili tamkar kafa tuta ne.

Masu zuwa da lokaci, irin makiyayan da ke wucewa da kaka, su ne aka fi mantawa da su. Sai an gama tsari su iso su tarar an toshe hanyar da kakanninsu suka bi.

Mataki na uku: zaman farko

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka zan daɗe a kai.

New York da kanta ta fara da kuskure. A 1990 ta fito da daftarin dokoki masu tsauri da za ta ɗora wa mazauna yankin, har da hana noma da kiwo kusa da rafuffuka. Manoman, waɗanda yawancinsu masu shanun madara ne, suka ce wannan kashe su ne. Kuma suna da tsohon miki: lokacin da aka gina dam ɗin Ashokan, wanda aka kammala a 1915, an tashi mutane kusan 2,000 daga garuruwansu, aka sake yin irin haka lokacin gina dam ɗin Pepacton da na Cannonsville daga baya. Garuruwan yankin suka haɗa kai suka kai birnin kotu.

Kwamishinan da ke kula da ruwan birnin a lokacin, Albert Appleton, ya yarda ya zauna da manoman. Suka kawo sharuɗɗansu: shiga shirin na ganin dama ne, birni ne zai biya kuɗin gyaran, kuma manoma ne za su tafiyar da shi da kansu. Birni ya amsa, ya kawo nasa sharaɗin guda: cikin shekara biyar sai kashi 85 cikin 100 na gonakin sun shiga, in ba haka ba a koma ga doka. Aka kafa majalisar manoman yankin a 1993. Manoma suka riƙa bin 'yan'uwansu gida gida, har aka wuce kashi 90.

Hikimar da ke cikin wannan ciniki ita ce kowane manomi yana da zaɓi, amma jama'ar gaba ɗaya suna da alƙawarin cikawa. Mutum zai iya yi wa jami'in gwamnati kunnen ƙashi, da wuya ya yi wa maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci.

Don haka a yi zaman a ƙauye, ba a ɗakin taro na otal a birni ba. A bi ta hannun hakimi da dagatai, a gaisa yadda ya kamata, amma kada a tsaya a kansu kawai, domin akwai maganar da talaka ba zai faɗa a gaban Ranka ya daɗe ba. A yi wa mata zamansu daban, makiyaya ma haka, kafin a haɗu gaba ɗaya. Mutanen birni su zo da tambaya, kada su zo da takardar da aka riga aka buga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: dattijon ƙauye zai gaya maka shekarar da kwazazzabo ya fara da abin da ya jawo shi, sau da yawa ma kwalbatin titin da gwamnati ta gina ne. In mutane suka tayar da tsohuwar maganar diyyar da ba a biya ba lokacin gina dam, a saurare su har su gama. Ni a ganina jami'in da ya katse wannan magana ya riga ya kashe shirin, ko da kuwa an sa hannu a takarda daga baya.

A ƙarshen zaman a zaɓi kwamitin da mazauna yankin suka fi rinjaye a ciki, da kujerar mata da ta makiyaya a rubuce, hukumar ruwa kuma ta turo wanda ke da ikon cewa an amince.

Mataki na huɗu: a raba ƙasar kashi uku

Kashi na farko, idon ruwa da gaɓar rafi da bakin dam: a bar mita 15 zuwa 30 kowane gefe ba noma, ba sara, ba feshi. Na biyu, daji da gangaren tudu, inda za a ci gaba da kiwo da tsintar 'ya'yan itace da ɗibar busasshen itace bisa ƙa'ida. Na uku gonaki. A shata iyakokin tare da jama'a, a sa alamar da kowa zai gani, fenti a jikin itace ko jeren duwatsu. Wanda gonarsa ta faɗa kashi na farko ya yi asara ta gaske, a biya shi ko a musanya masa.

Mataki na biyar: aikin ƙasa

A Catskill ba a ba manoma doka ɗaya ba. Kowace gona an yi mata tsarinta, mai gonar na zaune. An fi damuwa da kashin 'yan maruƙa, saboda suna ɗauke da ƙwayar cutar gudawa da ake kira kiriftosforidiyam, wadda kulorin ba ya kashe ta cikin sauƙi. Ita ce ta kwantar da mutane kimanin 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka a 1993. Sai birni ya biya aka gina wa maruƙa rumfuna nesa da rafi, aka yi ma'ajiyar taki, aka killace gaɓar ruwa, aka ja wa shanu ruwan sha zuwa kwami.

Wannan na ƙarshen ya dace da mu sosai. Hana garke sauka kogi ba tare da an ba shi wani wurin sha ba neman faɗa ne. A gina mashaya a nesa da gaɓa, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da kwamin siminti, ko a keɓe mashiga ɗaya a shimfiɗa mata duwatsu. A buɗe burtalin da aka cinye da noma. Sai bayan an yi haka ne ake da bakin cewa a daina tattake gaɓa.

A gonakin gangare a fara da fitar da layin da ya yi daidai a kwance. Sanduna uku da aka ɗaure kamar alwatika, da zare mai dutse a rataye a tsakiya, sun isa. A kan layin a jera duwatsu ko a dasa jema kusa da kusa. Saiwar jema tana nitsewa ƙasa sosai, ganyenta kuma yana tare laka ya bar ruwa ya wuce a hankali. Gamba ma tana yi, ga zana ga abincin dabba. A faƙo a haƙa rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwan sama, bakinsa na fuskantar tudu. Kwazazzabo kuwa daga kansa ake fara kama shi: a karkatar da ruwan da ke zubowa ciki, sannan a yi ƙananan shingaye da yawa na duwatsu ko na ɗanyen itace, maimakon katanga ɗaya babba da ruwan farko zai tafi da ita.

Game da itatuwa, abu mafi arha shi ne renon waɗanda ke nan. Manoman Maraɗi sun nuna haka tun shekarun 1980 da abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare tohon kututture, sai a zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ya kama kuwa, manomi ya tabbata itacen nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya sare reshe. In za a yi dashe a gaɓa, a nemi na gida: ɓaure, kanya, ɗinya, tsamiya, maɗaci, giginya. A guji itacen turare kusa da idon ruwa, shan ruwansa ya yi yawa. Kuma kada a yi wa kowa alƙawarin cewa dashe zai ƙara yawan ruwan kogi, domin itace ma yana sha. Amfaninsa shi ne ya riƙe ƙasa, ya rage gudun ambaliya, ya ba ruwa damar nitsewa.

Masu gawayi su ne suka fi wuyar sha'ani, domin birnin da ke kukan an sare daji shi ne ke sayen gawayin. Kora ba ta aiki, sai dai su matsa gaba. A yi musu rajista, a ware musu yanki da ake sara bi da bi a bar shi ya toho, a haramta kaɗanya da ɗorawa da duk itacen gaɓa. Da kaka kuma, kafin ciyawa ta bushe ƙarau, a yi gayya a share hanyoyin tare gobara.

Mataki na shida: kuɗi

Da abokin daka ake shan gari. Wanda ya bar gaɓar gonarsa don mutanen birni su sha ruwa mai kyau ya yi musu aiki, kuma aiki ana biyansa. A fara da lissafin da hukumar ruwa ke da shi a hannu: nawa take kashewa kan alif da kulorin da gyaran injuna a watannin damina, nawa da rani? Bambancin shi ne kuɗin laka, kuma daga cikinsa ake yanko kason daji.

Kito, babban birnin Ekwado, ya kafa asusun ruwa a 2000. Kamfanin ruwan birnin ya fara zuba kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 2, kamfanin lantarki da wasu masana'antu su ma suka sa hannu. Nairobi ta bi sahu a 2015 don saman Kogin Tana, inda kimanin kashi 95 cikin 100 na ruwan birnin ke fitowa. A garin da mutane da yawa ba sa biyan kuɗin famfo, a duba manyan masu shan ruwa: kamfanonin lemo, masu fiya wata, majemu, otal-otal. Shirye-shirye irin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwan sama wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, suna iya ɗaukar aikin farko, amma shiri yana da ranar ƙarewa, daji kuwa kullum yana bukatar kulawa.

Asusun ya kasance daban da baitulmalin gwamnati, da masu sa hannu daga ɓangarorin biyu, a kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a sau biyu a shekara. A biya bayan an duba aiki: itacen da ya kai rani biyu da rai, ba wanda aka dasa ranar biki ba. Wani kaso kuma ya tafi ga abin da ƙauyen ya zaɓa. Babban abin kunya ne a ce ƙauyen da ke tsare wa birni ruwa shi kansa daga gulbi yake sha.

Mataki na bakwai: a rubuta, a auna

New York ta sa hannu a yarjejeniyarta a watan Janairun 1997, tare da gwamnatin jiha da ta tarayya da garuruwan yankin da ƙungiyoyin muhalli. Birni ya yi alƙawarin sayen ƙasa daga wanda ya ga damar sayarwa kaɗai, a farashin kasuwa, ya kuma riƙa biyan harajinta ga garuruwan. Ya biya kuɗin gyaran masai na gidaje, ya ware kusan dala miliyan 60 don ba 'yan yankin rancen sana'a. Tamu yarjejeniyar a rubuta ta da Hausa, da Fulatanci in akwai bukata, a karanta ta da ƙarfi kafin kowa ya dangwala. Ta faɗi abin da aka hana, da tarar kowane laifi, da wanda zai fara sauraron ƙara, da kuma hukuncin da ke kan birni in ya makara da biya. Masu sintiri su zama 'yan ƙauyen, da albashi. Inda kuwa daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kada a tura su. A fara da rafuffukan da ake iya shiga lafiya.

Aunawa ba ta bukatar ɗakin gwaji a farko. Dogon bututu mai garai da baƙar alama a gindinsa ya isa: a yi ta zuba ruwa har alamar ta ɓace, a karanta tsayin. A ɗora wa malamin makaranta da ɗalibansa su auna a wuri ɗaya, rana ɗaya a mako, da kuma bayan kowane babban ruwa. A haɗa da buhunan alif da matata ke ci duk wata, da hoton gaɓa daga wuri ɗaya kowace shekara, da zurfin dam duk bayan 'yan shekaru. A fara aunawa damina guda kafin aiki, in ba haka ba babu abin da za a gwada da shi.

Kada a rufe matata don an gyara daji. New York har yau tana sa kulorin, ta kuma gina tashar kashe ƙwayoyin cuta da haske. Guguwar Irene ta 2011 ta cika tafkunan Catskill da laka duk da dajin, yankin Croton kuwa, wani tushen ruwan birnin da gine-gine suka riga suka cinye shi, dole aka gina masa matata da ta fara aiki a 2015. Sakamakon jema da shingayen duwatsu kan fara bayyana a ƙananan rafuffuka cikin damina biyu ko uku, na babban kogi da dam yakan ɗauki shekara goma ko fiye, don haka yarjejeniyar ta wuce wa'adin gwamnati ɗaya.

Wanda zai fara bana, ga yadda watanni suka fi dacewa: yawon farko da zaman jama'a tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan an gama girbi kuma hanyoyi sun bushe, yawo na biyu a Agusta, da bututun awo a hannu, sannan shekara mai zuwa jeren duwatsu da rabin wata da mashaya daga Maris zuwa Mayu, jema da tsirrai cikin Yuli, in ƙasa ta jiƙa sosai.